Idan Rubutu Ya Tsallake Iyakar Jeri a Harshen C

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1970, ya yarda da mai rubuta manhaja fiye da kima. Ka ce ya ware maka gurabe goma a ma'adanar kwamfuta, zai ware. Ka je ka zuba wani abu a gurbi na goma sha ɗaya, ba zai ce maka uffan ba.

Kuskuren farko daga ƙidaya yake tasowa. Wanda ya rubuta int maki[10] ya samu jeri mai gurabe goma, amma lambarsu daga 0 take farawa ta tsaya a 9. Babu wani gurbi maki[10]. Wajen bin gurabun ɗaya bayan ɗaya, mai koyo da ya sa i <= 10 a maimakon i < 10 ya riga ya taka gonar wani.

Haruffa sun fi wannan wayo. A C, kowane rubutu yana ƙarewa da wani sifili da ba a gani, wanda ke nuna inda maganar ta tsaya. Sunan Aisha haruffa biyar ne, amma gurabe shida yake ci. Shi ya sa malloc(strlen(s)) ba tare da ƙarin ɗaya ba yake ta kayar da mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Akwai kuma tarkon sizeof: da zarar ka miƙa jeri ga wani sashen aiki, adireshinsa kawai ke isa can, sai sizeof ya ba ka girman adireshin, galibi bayit 8 a kwamfutocin yanzu, ko da jerin na gurabe dubu ne.

To ina abin da ya zube yake tafiya? Kamar ɗan kasuwar da shagonsa ya cika ne, ya tura sauran kaya shagon maƙwabci. Maƙwabcin zai iya zama wata lamba da manhajar ke dogara da ita, ko adireshin da za ta koma bayan ta gama aikin da take ciki. Idan manhajar ta faɗi nan take, ka yi sa'a. Abin tsoro shi ne ta ci gaba da aiki lafiya lau, sai wata rana a kwamfutar wani ta fara fitar da lissafin banza, a wani wuri da ba shi da alaƙa da inda aka yi ɓarnar.

Masu kutse sun daɗe da gane wannan ƙofa. A watan Nuwamba na 1988, tsutsar Morris, wata manhaja mai yaɗa kanta, ta bazu a intanet, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce cusa wa manhajar fingerd rubutun da ya fi ƙarfin wurin da aka tanada, saboda fingerd tana amfani da gets, wanda ba ya tambayar girman komai. Sai a 2011 aka cire gets daga ƙa'idar harshen. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa a kowace shekara daga matsalolin ma'adana suke.

Maganin ba wani sihiri ba ne. Duk inda jeri zai je, tsawonsa ya bi shi. A yi amfani da fgets da snprintf, masu karɓar iyaka. Shi kuwa strncpy a yi hattara da shi, don idan wuri ya cika ba ya saka sifilin ƙarshe. Lokacin gwaji kuma a haɗa manhajar da -fsanitize=address a GCC ko Clang, wanda zai tsayar da ita a daidai layin da aka tsallake iyakar.