Wayar Salula da Tarbiyyar Ƴaƴa a Damagaram

Wanda duk ya ratsa unguwannin Damagaram bayan sallar lisha, tun daga Birni har Zango da Sabon Gari, ya tsaya a fadojin samari inda ake dafa shayi a bakin hanya, lalle zai lura cewa hirar baki da baki ta ragu, kowane saurayi ya sunkuyar da kai bisa wayarsa, ƙannensa kuwa, waɗanda ba su mallaki tasu ba tukuna, sun yi cincirindo a kafaɗarsa suna leƙe. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su cika shekara 15 ba, wannan al'amari ya cancanci a yi masa dogon nazari, gama abin da ke shiga kunnen waɗannan yara da dare shi ne zai fito a bakinsu ranar da suka zama magidanta.

Akwai dattawan da ke cewa a karɓe wayoyin kowa ya huta, kuma ina girmama kishin da ya sa su faɗin haka. Sai dai tarihin garin nan bai nuna magabata masu gudun sabon abu ba ne. Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, mulkinsa kuma ya ƙare a 1884, da ya ga bindigogin da ayari ke kawowa daga Tarabulus bai wadatu da saye ba, sai da ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin garin, aka kuma haɗa albarushi a gida. Farfesa André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi bayanin Damagaram ta wancan ƙarni a littafinsa na 1971. Amma fa sana'ar albarushi tana da iyayen gidanta, yaro kuwa ba ya taɓa ta sai a gaban wanda ya fi shi sani. Musibar zamaninmu ita ce al'amarin ya juye, yaro ya riga uban sanin kayan, ya koye shi a fada daga tsararsa, ba mai tsawatarwa.

Dubi abin da ke faruwa kullum a zaurukanmu. Ɗan wani dattijo da ke ci-rani a Aljeriya ko Legas ya aiko da kuɗin cefane, saƙo ya shigo da Faransanci, dattijon kuwa karatunsa na allo ne, sai ya kira jikansa mai shekara goma sha biyu, ya ce, "Zo, ɗan nan, duba mini." Da haka yaro ya zama magatakardan gida, ya san lambar sirri, ya san abin da ya shigo da abin da ya rage. Ranar da wani maha'inci ya bugo da murya mai daɗi, ya ce an ci kyauta, ko ya ce kuskure ya yi ya turo jika goma, a taimaka a karanto masa lambar da ta shigo yanzu, wannan yaron ne zai amsa, kuma ladabin da aka koya masa na girmama babba shi ne zai sa ya karanto. Wajibi ne a gaya masa tun da wuri, a bayyane, cewa lambar sirri amana ce, ba a faɗa wa kowa ita ko da ya rantse daga kamfani yake, kuma kashe waya a kunnen irin wannan mutum ba rashin kunya ba ne.

Babin labari ya fi wannan faɗi da hatsari. Saƙon murya na WhatsApp ya sami karɓuwa a ƙasarmu domin bai buƙaci karatu ba, kuma ya amfani manomi da ɗan kasuwa ƙwarai. Amma shi ne kuma ke ɗauko muryar da ba a san mai ita ba, tana rantsuwa cewa an ga kaza a gari kaza, ko maganin kaza yana kisa, ta rufe da cewa a yaɗa domin Allah. Abin mamaki, maganin wannan ciwo yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu tun ƙarnoni, domin malaman hadisi, irin su Imam Bukhari, ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun binciki gaskiyar kowane maruwaici da ƙarfin haddarsa, aya ta shida ta Suratul Hujurati kuma ta wajabta bincike kafin a yi aiki da labari. Da malamin da ke biya wa ɗalibai wannan fanni zai ɗauki wayar ɗayansu wata rana, ya saurari saƙon da ya shigo, sa'an nan ya tambaye su wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe, a ina, da sun gane cewa ilimin da suke haddacewa na aiki ne a yau ɗin nan. Damagaram ta san yadda fitina ke ruruwa cikin yini guda, gama ranar 16 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka yi hasarar rayuka, alhali a lokacin wayoyin zamani ba su yawaita kamar yanzu ba. Ya kamata samari su sani kuma cewa hukuma ba ta ɗauki danna waya wasa ba: doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan laifuffukan intanet, hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna kuwa, wanda aka cire a 2022, an mayar da shi a watan Yuni 2024.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sha'anin ƴanmata. Yarinya ta amince da wanda ya yi mata alkawarin aure, ta aika masa da hoto, bayan an ɓata sai ya mayar da hoton makami, ita kuwa ta gwammace ta ba shi duk abin da ya nema da a ji a gida, domin ta san duka da tonon silili ke jiran ta. Uwar da ƴarta za ta iya zuwa ta ce, "Inna, ga abin da ya same ni," ta tsare ƴarta fiye da wadda ta ɓoye mata waya a akwati. Su kuma maza a sanar da su cewa mai tura irin wannan hoto gaba abokin tarayya ne cikin zunubin, ko da ba shi ya ɗauka ba.

Manyan ƙasashe ma suna fama. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da kwaleji tun 2018, Ostareliya ta kafa dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 shiga shafukan sada zumunta a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce sa'a guda a yini yana kallon waya ko talabijin. Mu nan, inda layin waya ke da sunan babban wa, wayar kuma gado ce daga hannu zuwa hannu, dokar da za ta yi tasiri ita ce ta cikin gida: wayoyin yara su kwana a ɗakin uwa, ƙarami kuma ya yi kallonsa a tsakar gida inda ake ganin sa. Tun da iyaye da yawa ba su san yadda ake toshe lambar baƙo ko rufe hoto ba, ina roƙon ɗaliban Jami'ar André Salifou da na makarantar Amadou Kouran Daga su ba da ƴan sa'o'i lokacin hutu, su zagaya makarantun Islamiyya na matan aure da masallatan unguwa, su nuna wa iyaye waɗannan abubuwa da Hausa, kowa da wayarsa a hannu.