Ƙamshin Kabewa: Abin Da Amurkawa Ke Layi A Kansa Yana Kitchen Ɗin Mama

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako daga nan Ƙofar Rini, birnin Shehu.

Duk shekara, da kaka ta kama a Amurka, sai ka ga komai ya koma ɗanɗanon kabewa: kofi, biskit, har giya. Ƙananan kamfanonin giya na can kan fitar da ta kabewa daga wajen Agusta zuwa Nuwamba, mashaya su yi ta gardama kan wadda ta fi daɗi. Mu dai nan Sakkwato giya ba tamu ba ce, addini ya hana, dokar jiha ma ta hana. Amma akwai darasin kasuwa a ciki.

Ga sirrin. Kabewa ita kaɗai ba ta da wani ƙamshi mai ƙarfi. Abin da hanci ke ji haɗin kayan yaji ne: kirfa, citta, kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Kamfanin Starbucks ya fara sayar da Pumpkin Spice Latte a 2003, kuma sai a 2015 ya zuba ainihin kabewa a ciki. Shekara 12 ana shan sunan kabewa babu kabewa!

To ku duba, wanne ne babu a kasuwarmu? Citta da kanumfari ai su ne ran zoɓo da kunun zaƙi. Kabewa kuwa da kaka tana yin araha, mu kuma mun taƙaita ta ga miyar taushe da fate.

Ku gwada wannan: a dafa kabewa ta yi laushi, a markaɗa, a dama da gasarar gero, a sa madara. Wajen ɗanɗanawa a fara da hanci. Kirfa ke fara zuwa. A kurɓa kaɗan, a bar shi a baki. Zaƙin kabewa na zuwa a hankali, citta kuma sai an haɗiye take taɓa maƙogwaro. In harshe ya ɗan yi kamar ya mutu, kanumfari ya yi yawa, shi kam ƙwaya kaɗan ta isa. In ba ka jin kabewar sam, yaji ya danne ta.

Abu na biyu da suka fi mu shi ne lokaci. Ba sa sayarwa duk shekara, shi ya sa ake ɗokinsa. Matashin da ke neman abin yi, ga hunturu na tafe, mutane na neman abin ɗumi da safe. Kunun kabewa na wata uku kacal, a kofi mai tsabta, da suna mai kama kunne. Jarin ba shi da yawa, manomi ma ya samu mai saye.

Wa zai fara? Ku gaya mana a ƙasa. Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.