Sha-kauci da Jema: Wanne Ya Fi Bukatar A Kula Da Shi?

Idan kauci ya yi fure a kan itatuwan garin Bogo, ba a rasa wani ɗan tsuntsu mai siririn baki a kansa, jikinsa na walƙiya. Shi ne sha-kauci. Wasu kan ɗauka shi ne ɗan tsuntsun nan da ake nunawa a talabijin yana tsayawa cak a iska, har ya yi baya da baya. Ba shi ba ne. Wancan nahiyar Amurka kaɗai yake zaune, iri-irinsa sun haura 300, mafi ƙanƙanta a Kyuba yake, nauyinsa kamar giram 2. Namu ya fi son ya sauka a reshe ya tsotsi ruwan fure, yana ɗaukar garin wannan furen ya kai wa wancan. Idan fure ya ƙare a nan, sai ya tashi ya nemi wani wuri.

Ciyawa ba ta da wannan gata. Jema, wadda ake yin zana da malafa da ita, tana cikin ciyayin da ke riƙe da yaere, wato fadamar kogin Logone da makiyayan yankin Diamare ke kai shanu da rani. Saiwarta na nutsewa ƙasa ƙwarai, ko an sa wuta takan sake tofo, amma fa sai ambaliya ta shayar da ita duk shekara. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa na kamfanin SEMRY, ga kuma fari ya biyo baya. Ruwa ya daina isa wani babban yanki na fadamar, har cikin gandun dajin Waza. Jema da shinkafar daji suka mutu, ciyayi masu rayuwar damina ɗaya suka maye gurbinsu, waɗanda kafin tsakiyar rani sun zama ƙaiƙayi.

A 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, ambaliya ta dawo wani sashe. Shinkafar daji ta farfaɗo cikin 'yan shekaru, jema kuwa ta yi nawa.

Tsuntsun ya fi ɗaukar ido, ba musu, ni ma nakan tsaya kallonsa. Sai dai shanun da ke cika kasuwar Bogo ciyawar yaere suka ci suka yi ƙiba. Mai yankan jema ya bar mata gindinta, mai sa wuta kuma ya yi da wuri tun ƙasa na da laima.