Kasafin tiriliyan 54, amma me ya sa ba wanda ya yi tafi?

Idan kana cikin masu tura labarin kasafin kuɗi a WhatsApp da ɗan hoton dariya a ƙarƙashi, to muna da yawa. A 2023 Buhari ya sa hannu kan kasafin naira tiriliyan 21.83. Na 2024 ya kai tiriliyan 28.7, na 2025 kuwa da Tinubu ya rattaba wa hannu ya tashi tiriliyan 54.99. Cikin shekara biyu ya ninka har da ɗoriya.

To ina kuɗin suke? Ɗauko wayarka mu yi lissafi. An gina kasafin 2023 ne kan dala ɗaya naira 435, na 2025 kuma kan naira 1,500. Ka raba ka gani: na farko kusan dala biliyan 50 ne, na biyu bai kai biliyan 37 ba. Sannan sama da tiriliyan 14 a na 2025 biyan bashi aka ware wa.

Wannan za mu iya fahimta. Abin da ya kashe mana gwiwa shi ne alƙawari. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, aka ce kuɗin za su koma ilimi da lafiya da ayyuka, mu dai mu yi haƙuri. Watanni kaɗan bayan haka sai ga labarin motocin alfarma na 'yan majalisa, wai kowace kusan naira miliyan 160. A 2024 kuma aka sayo sabon jirgin shugaban ƙasa. Rahoton Oronsaye fa, na haɗe hukumomi don rage kashe kuɗi? Tun 2012 yake ajiye. A Fabrairun 2024 aka ce za a aiwatar da shi, a cikin shekarar kuma aka ƙirƙiro sabuwar ma'aikatar kiwo. Haba!

Gaskiya ɗaya dai, lamunin ɗalibai na NELFUND ya taimaka. A ajinmu akwai waɗanda da shi suka yi rajista bana.

Akwai kuma inda mu ma muke sakaci. Tun da aka cire tallafin, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, amma duk zafinmu a X da Facebook Abuja yake tafiya. Kafin masu neman ƙuri'ar 2027 su fara zuwa unguwarku, ka nemo kasafin jiharku, ka duba nawa aka rubuta wa asibitin garinku, sannan ka je ka ga asibitin da idonka.