Garwashin Da Ba Ya Mutuwa

"Da kuɗina na saya, ina ruwan gwamnati?" Haka wasu 'yan kwangila da masu sayen tsohon ƙarfe a Tamale ke faɗa idan aka ce akwai na'urar da mallakarta sai da lasisi. Sun ɗauka wata dabarar tatsar haraji ce kawai.

Tun 2015 majalisar Ghana ta zartar da doka mai lamba 895, wadda ta kafa Hukumar Sa Ido Kan Harkokin Nukiliya. Dokar ta hana shigo da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, ko ajiye shi, ko safararsa, ko zubar da shi, ba da izinin hukumar ba. Wannan ya haɗa da ɗan akwatin da masu gina hanya ke ɗorawa kan kwalta don auna ƙarfinta, domin a cikinsa akwai ƙwayar siziyom-137.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaton cewa in an kashe na'ura, shi ke nan. Injin hoton ƙashi na asibiti kamar tocila ne, ana kashe wuta ya yi shiru, kodayake shi ma sai da lasisi. Siziyom kuwa garwashi ne cikin toka, kunama ce cikin takalmi. Ba shi da makunni. Sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Akwatin zai yi tsatsa, kamfanin ya rushe, ƙwayar tana nan da ranta.

A 1987, a garin Goyaniya na Brazil, wasu mutum biyu suka kwaso wani ɓangare na injin gashin cutar kansa daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa dillalin ƙarfe. Dillalin ya ga garin siziyom mai shuɗin haske a ciki, ya kai gida, 'yan uwa suka shafa a jiki. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka gwada mutum 112,000. Amfanin lasisi ke nan: a san inda kowace ƙwaya take da wanda ke riƙe da ita.

Sai dai doka a takarda da Turanci ba ta isa kunnen yaron da ke tura kura a unguwar Aboabo ta Tamale. Ya kamata hukuma ta shiga rediyo da Dagbanci da Hausa. Kai kuma ɗan uwa, in ka ga ƙarfe mai alamar fuka-fukan fanka uku a kan ruwan ɗorawa, kada ka ɗaga guduma. Ja da baya, ka sanar da 'yan sanda.