Ba Kumfa ke Cin Datti Ba

Mai wanki a Kasalgu, gefen Tamale, ta kan auna kyan garin sabulu da yawan kumfarsa. Amma a garin sabulu da dama, cikin masu aikin gaske akwai wasu sinadarai da ake kira inzayim, waɗanda ake tatsowa daga ƙwayoyin halitta. Kowanne da abin da yake narkarwa: furotiyas na cin tabon jini da ƙwai, lifas na cin maiƙo, amilas kuwa sitaci. Duk mai dama kunun zaƙi ta san aikin amilas, domin shi ne a cikin dankalin da ke tsinka kunu ya sa masa zaƙi.

Wani Bajamushe, Otto Röhm, shi ya fara sa su a kayan wanki a 1913. Yau masaƙu na amfani da amilas wajen cire sitacin da ake shafa wa zare kafin saƙa, don rini ya kama sosai.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne selulas, saboda audugar kanta yake ci. Yana aske gashin da ke tasowa a bayan yadi, sai ya yi santsi, launinsa ya fito. Wandon jins mai koɗaɗɗen launi da samari ke rububi a kasuwar Aboabo, da can da duwatsu ake gurzarsa a cikin inji. Tun ƙarshen shekarun 1980 selulas ya fara karɓar aikin. Sai dai in ya yi yawa ko ya daɗe, yadi kan yi rauni, shi ya sa masana'anta ke tsayar da shi da ruwan zafi.

Nan matan gida za su lura: tafasasshen ruwa kashe inzayim yake yi, kuɗi ya tafi a banza. Ruwa mai ɗumi ya isa, a jiƙa na ɗan lokaci.

Batakarin Daboya, saƙar hannu rinin baba, ba na jiƙo ba ne; a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa. Babbar riga mai aikin tsamiya kuwa, kada garin sabulu mai furotiyas ya taɓa ta. Zaren tsamiya siliki ne; siliki da ulu kuwa furotin ne, kuma sinadarin ba ya bambance su da tabon jini.