Yadda Turanci ke ambaton mutumin da ba a sani ba

A ƙa'idar Turanci, sunan mutum yakan tsaya shi kaɗai, ba a sa masa "a" ko "the" a gaba. Amma sakatariya za ta iya leƙowa ofis ta ce wa shugabanta: "A Mr Smith is waiting for you." Wannan ƙaramin harafi ya sauya maganar. Tana nufin baƙon ya faɗi sunansa, ita dai ba ta san shi ba, kuma ba ta da tabbacin shugaban ya san shi. Kamar dai yaro ya shigo ya ce wani Malam Audu yana sallama. Da ta cire "a", sai shugaban ya ɗauka mutum ne da su biyun suka sani.

Idan sunan ya fara da sautin wasali, "an" ake sawa. Akwai kuma "one", wadda ta fi zama a takardun kotu da rahoton 'yan sanda, jaridun Najeriya ma suna yawan amfani da ita. Shawarata a guje mata a wasiƙa, domin takan sa mutumin kirki ya yi kama da wanda ake tuhuma. Ita kuwa "a certain" wani lokaci tana nuna mai magana ya san mutumin, bai dai so ya yi bayani ba ne.

Sai laƙabi, inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe. Mu mun saba haɗa Malam ko Hajiya da sunan yanka. A Ingila da Amurka kuwa Mr, Mrs da Miss suna bin sunan iyali ne ko cikakken suna, saboda haka John Smith shi ne Mr Smith, ba Mr John ba. Macen da ba ka san ko tana da aure ba, rubuta mata Ms, ana furta shi "miz". Ya yaɗu ne a shekarun 1970. Idan likita ce ko mai digirin digirgir, Dr ya wadatar.

Laƙabin Sir ya saɓa wa wannan tsari, don ba ya zama da sunan iyali shi kaɗai. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Sarauniyar Ingila ta ba wannan girma a 1960, Sir Abubakar ake ce masa, kamar yadda ake ce wa Winston Churchill Sir Winston.